Sannunka da Aiki, Gidan Hutu

Yabon gwani ya zama dole, kuma a duk faɗin Wales, ƙasar nan mai mutum miliyan uku da 'yan kai da ke yammacin Ingila, ban san gwanin da ya kai gidan hutu na bakin teku ba. Ina nufin gidan nan na dutse mai farin fenti da baƙin rufi, wanda ake tallarsa a intanet da hotuna masu ɗaukar ido: ɗakunan kwana uku, gadon mutum shida, murhun itace a falo, bahon ruwan zafi a cikin lambu, an yarda a zo da kare, tafiyar minti goma ce zuwa bakin ruwa. Iyali su biya kuɗin mako guda, su taso daga Manchester ko Birmingham ranar Asabar, su iske makulli a wani ɗan akwatin ƙarfe da aka kafe a jikin bango, su danna lamba huɗu, su shige. Babu mai gidan da za a gaisar, babu maƙwabcin da zai leƙo ya yi sannu da zuwa. Ranka ya daɗe gidan hutu, ka sauƙaƙa wa duniya baƙunta.

Abin da masu tallarka suka fi kururutawa shi ne wai kana cikin ƙauye mai shiru. Gaskiya suka faɗa, sai dai sun tauye maka hakki da ba su faɗi wanda ya kawo shirun ba. A da, ƙauyukan gaɓar Llŷn, zirin ƙasar nan da ya miƙe cikin teku a gundumar Gwynedd, da na Ceredigion da Pembrokeshire, ba a raba su da hayaniya. Da asuba masunta na jan ƙananan jiragensu a kan tsakuwa za su duba tarkon ƙaguwa. Da safe yara na guje-guje a hanyar makaranta. Mata na tsaye a ƙofar gidan waya suna ba juna labarin wadda ta haihu da wanda ya kwanta ciwo. Ranar Lahadi coci ya ɗauki waƙa har ana jiyowa daga bakin ruwa. Duk wannan surutu kuwa da wani harshe ake yin sa wanda baƙo ba ya jin ko zo in kashe ka a cikinsa. Ta yaya mutumin da ya biya kuɗinsa zai huta a irin wannan wuri? Kai ka magance matsalar. Ba ka kawo soja ba, ba ka kawo motar rusau ba, ko murya ba ka ɗaga wa kowa ba. Farashi kawai ka ɗaga, gida bayan gida, har ƙauyen ya yi tsit yadda hoton talla yake so.

Wanda ke shakkar gwanintarka ya je Cwm-yr-Eglwys, wani ɗan ƙauye a lungun teku a arewacin Pembrokeshire. A watan Oktoba na 1859 an yi guguwar da har yau ake labarinta a Birtaniya, ta farfasa jiragen ruwa sama da ɗari, ta rushe cocin ƙauyen, ta bar bango guda a tsaye. Da ta lafa, mutane suka share tarkace suka ci gaba da zamansu, ana haihuwa ana mutuwa a wurin kamar yadda aka saba. Abin da guguwa ta kasa, kai ka yi shi cikin ruwan sanyi. A 2021 jaridun Birtaniya suka ba da labarin cewa daga cikin gidajen ƙauyen kimanin 50, biyu ne kacal ake kwana cikinsu duk shekara, kuma wani dattijo da ya doshi casa'in shi ne mutum na ƙarshe mai magana da harshen Welsh a garin. Ka hutar da bawan Allah daga yawan magana, tunda babu mai amsa masa.

Ka kuma fi magabatanka iya aiki. Lokacin da birnin Liverpool ya so ruwan kwarin Tryweryn, sai da aka kai maganar majalisar dokoki a Landan. Aka zartar da doka a 1957, alhali daga cikin 'yan majalisa 36 masu wakiltar Wales babu ko ɗaya da ya goyi baya. Aka gina madatsa, aka rushe gidaje da gonaki 12 na ƙauyen Capel Celyn da makarantarsa da cocinsa da gidan wayarsa, aka tone wasu kaburbura, a 1965 ruwa ya rufe wurin. Dubi wahala, dubi ɓacin suna. Har yau akwai wani tsohon bango a gefen hanya kusa da Llanrhystud da aka rubuta a jikinsa cewa a tuna da Tryweryn, duk sanda aka goge sai a sake rubutawa, kuma a 2005 sai da majalisar birnin Liverpool ta fito ta nemi gafara. Duk wannan a kan ƙauye ɗaya tak. Kai kuwa ba ka bukatar doka, ba ka bukatar siminti. Gidajen suna nan a tsaye, sun ma fi da kyau, an yi musu sabon fenti, an dasa furanni a ƙofa. Mutanen ne kawai babu. Ba wanda zai nemi ka ba da haƙuri, don komai da takarda aka yi shi, da lauya, da sa hannun mai sayarwa.

A fannin arziki ma ka yi abin a zo a gani. Ka ɗauki gidan da kakan wani ya gina da kuɗin kamun kifi ko na fasa dutse, ka mayar da shi kadarar manya. A Abersoch, garin da ake wa laƙabi da Cheshire ta bakin teku saboda yawan attajiran wancan yanki na Ingila da suka mallaki gidaje a cikinsa, binciken majalisar Gwynedd ya nuna kusan rabin gidajen na hutu ne ko gida na biyu. A 2023 aka sa wata rumfar katako da ke kan yashin garin a kasuwa a kan fam 250,000. Ba ruwan famfo, ba lantarki, ba a ma yarda a kwana a ciki ba. Wurin sauya kaya ce da ajiye kujerun shan iska. Idan rumfa ta kai haka, sai mutum ya ƙiyasta kuɗin gida mai ƙofa da taga. Majalisar da kanta ta lissafa cewa wajen kashi 60 cikin 100 na mutanen gundumar ba su da ƙarfin sayen gida a ƙasar da aka haife su.

Wannan ba ƙaramar tarbiyya ba ce ga matasa. Da ba don kai ba, da ɗan makiyayin tumaki da malamar makaranta da ma'aikaciyar jinya sun yi aure sun zauna a layin da suka taso, sun tsufa ba su ga duniya ba. Yanzu ka koya musu tafiya. Saurayi ya je banki da takardar albashinsa, a auna, a ce bashin da za a iya ba shi bai kama ƙafar kuɗin gidan ba. Kafin ya koma ya yi shawara da matarsa, wani da bai taɓa kwana a garin ba ya biya lakadan ta waya. Sai ya haɗa kaya ya nufi Cardiff ko Liverpool ko Ostireliya. Wanda ya nace sai ya zauna, ga ɗakinsa na ƙuruciya a gidan iyaye yana ɗan shekara talatin da biyar, ko ga ɗan ɗakin kwano mai taya a gefen gonar babansa, inda zai yi hunturu da mata da jariri. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ka gyara wannan tsohuwar magana, don a gaɓar Wales ɗan gari ne ke bushewa kafin hantsi.

Masu haya ma ba ka manta da su ba. Mai gida ya zauna da biro da takarda, ya ga abin da baƙi za su biya a mako guda na watan Agusta ya kai, ko ma ya zarce, abin da ɗan haya ke biya a wata. Sai ya aika da takardar tashi ga iyalin da suka daɗe suna biya a kan kari. Ba su yi laifin komai ba, sun dai cika zama ne, kullum suna gida, har da watan Agusta.

Mahassada na cewa ba ka samar da aikin yi. Ƙarya suke maka. Duk ranar Asabar, daga ƙarfe goma na safe da baƙin makon jiya suka fita zuwa huɗu na yamma da na wannan mako za su shigo, akwai zanen gado da za a cire, da ban-ɗaki da za a wanke, da gashin kare da za a tsince daga kan kujera, da kwalabe da za a kwashe. Wa ya fi dacewa da wannan aiki kamar jikar matar da aka haifa a gidan? Ta san kowace kusurwa. Ta san tagar da ke maƙalewa idan iska ta taso daga yamma, ta san matakalar da ke ƙara idan an taka. Ta tuƙo mota daga wani gari can nesa da ruwa inda haya ke da dama-dama, ta goge ɗakin da aka shimfiɗe gawar kakarta, ta jera wa baƙi ɗan kek na gargajiya da kwalbar madara da katin barka da zuwa a kan tebur, ta ja ƙofa, ta mayar da makulli cikin akwati. Aikin na 'yan watanni ne, ladan na awa ne, da Nuwamba ta kama kuma sai a ce mata Allah ya kai mu Ista.

Ka kuma rage wa hukuma nauyin ilimi. Makarantar firamare ta Abersoch, wadda ta yi kusan shekara ɗari tana koyar da yara da harshen Welsh, an rufe ta a ƙarshen 2021, bayan ɗalibanta sun ragu har ba su kai goma ba. Iyaye sun yi ƙorafi, sun tara sa hannu, majalisa ta duba abin da take kashewa a kan kowane yaro ta ce ba za ta iya ba. Ba a rasa yara a Abersoch ba fa. Je ka a watan Agusta ka ga ɗaruruwansu a kan yashi da bokitai da 'yan shebur. Yara ne masu sauƙin sha'ani, ba sa neman aji, ba sa neman malami, ranar Asabar a zuba su a mota su koma makarantunsu na Ingila. Wace hukuma ce ba za ta so irin waɗannan yara ba?

Babban aikinka dai, wanda tarihi zai fi tunawa da shi, shi ne abin da ka yi wa harshen Welsh. Mutane da yawa sun gwada kafin kai. A 1847 wasu jami'ai uku da gwamnatin Landan ta aiko duba makarantu suka rubuta rahoton da ya nuna harshen a matsayin abin da ke hana mutanen ƙasar ci gaba. A wasu makarantu na wancan ƙarni akan rataya wa yaron da aka ji yana magana da harshen uwarsa wani guntun katako a wuya, wanda kuma aka tashi yana ɗauke da shi ya sha bulala. Duk da haka, a ƙidayar 1901 kusan rabin mutanen Wales suna jin harshensu. Ya yi ta raguwa a ƙarnin da ya biyo baya, amma ya maƙale a yamma da arewa maso yamma, a gonaki da garuruwan masu fasa dutse da ƙauyukan masunta, inda shi ne harshen ciniki da na faɗa da na rarrashin jariri. A Gwynedd har yanzu kashi 64 cikin 100 suna magana da shi. Can ɗin kuwa, cikin ikon Allah, can ne gaɓar teku ta fi kyau, can ne ka fi yawa.

Ƙidayar 2011 ta sami masu harshen 562,000, kashi 19 cikin 100 na jama'a. Ta 2021 ta sami 538,300, kashi 17.8, kaso mafi ƙanƙanta da aka taɓa ƙirgawa. Ba kai kaɗai ka yi wannan ba, kada a ba ka ladan wasu, amma rabonka ba kaɗan ba ne. Gwamnatin Wales ta ɗauki alkawarin kai masu harshen miliyan guda nan da 2050, tana ta buɗe azuzuwa a Cardiff da Newport, kai kuma kana kwashe waɗanda suka sha shi a nono daga garuruwan Llŷn irin su Aberdaron da Nefyn. Tana ɗura ruwa, kana huda tulun. Kuma kada a ce ba ka girmama harshen. Ga shi nan a rubuce a jikin kofin shayi, da kan tawul ɗin kicin, da kan falalen dutse a bakin ƙofa. Sunan gidan ne kawai, wanda tun zamanin kakanni yake faɗin ƙoramar da ke kusa ko gonar da aka yanko filin daga cikinta, ya yi wa baƙi wuyar furtawa, sai aka musanya shi da na Turanci mai daɗin bugawa a waya.

Wayonka a harkar haraji kuwa ya isa a koyar da shi a jami'a. Shekara da shekaru, duk gidan da aka ce yana kasuwa kwana 140 a shekara, aka kuma yi hayarsa kwana 70, ya tashi daga gida ya zama sana'a. Da ya zama sana'a sai ya fita daga harajin gidaje na ƙaramar hukuma ya koma harajin kasuwanci, can kuma ga rangwamen ƙananan 'yan kasuwa yana jira, wanda sau da yawa kan mayar da abin biya ya zama babu. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da kai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da kuɗin fansho, ita ke biyan gyaran titin da manyan motocin baƙinka ke bi da fitilun da ke haska musu hanya.

Sai ga shi an zo an zalunce ka. Daga Afrilun 2023 aka ce sai gida ya kasance a kasuwa kwana 252, an kuma yi hayarsa kwana 182, kafin a kira shi sana'a. Aka ba ƙananan hukumomi ikon ƙara wa gida na biyu haraji har kashi 300 cikin 100, Gwynedd ta tsaya a 150. Kuka ya tashi a jaridu da rediyo. Allah sarki mai gida biyu, wa zai share masa hawaye? Mutane sama da 10,000 da ke kwana a masaukin wucin gadi a Wales, a ɗakunan otal da gidajen kwana da hukuma ke kama musu, dubbai daga cikinsu yara, ya kamata su yi karo-karo su kai masa ɗauki.

A lokacin hunturu ne darajarka ke fitowa sosai. A 2023 tsibirin Enlli da ke ƙarshen Llŷn ya sami shaidar duniya ta wurin da hasken lantarki bai gurɓata duhun darensa ba, irinta ta farko a Turai. Da taimakonka ƙauyukan da ke fuskantarsa ma suna bin sahu. Bi layi a daren Janairu ka ƙirga tagogi, masu haske ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Kanti ya rufe sai bazara. Motar haya ta rage zuwa. Ƙungiyar ƙwallon ƙauye na fama kafin ta haɗa mutum goma sha ɗaya. Jirgin ceto na bakin teku, wanda 'yan sa kai ke tuƙawa, yana neman matasan da ke kwana kusa da tasha, waɗanda za su fito cikin 'yan mintuna idan an kira. Tsohon da ya faɗi a kicin sai ya kwana a ƙasa cikin rufin asiri, babu maƙwabciyar da za ta lura labulensa bai buɗe ba ta zo ta dame shi. Cocin ma da ya rasa masu ibada ba ka bar shi ya lalace ba. An sayar, an cire bencina, an sa gado a inda mai wa'azi ke tsayawa, an bar dogayen tagogin saboda suna kyau a hoto.

Ranar wuya ma an gan ka. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta tasar wa birane, motoci suka yi jerin gwano zuwa yamma, kowa na gudun cuta zuwa gidansa na biyu, ya nufi yankin da aka yi asibitocinsa daidai yawan mazauna. 'Yan gari suka kafa alluna a bakin hanya suna roƙon mutane su koma. Aka ce ba su da karamci.

Abin takaici, duk da wannan hidima akwai marasa godiya. Akwai ƙungiyar Cymdeithas yr Iaith, masu fafutukar harshen Welsh tun 1962, da suka daɗe suna neman a yi dokar da za ta sa gida ya zama wurin zama kafin ya zama haja, suna ɗaga kwalaye masu cewa Wales ba ta sayarwa ba ce. Akwai mutanen Nefyn da suka kafa ƙungiyar Hawl i Fyw Adra a 2020, suka taka a ƙasa har Caernarfon inda hedikwatar majalisar Gwynedd take, don neman abu guda, wato 'yancin zama a gida. Ji ƙarfin hali! Mutum ya ce sai ya zauna a garin da aka binne iyayensa ba tare da ya nuna abin da ke cikin asusunsa ba. Amsar da aka tanadar musu a shirye take, wai ƙyamar Turawan Ingila ce ke damunsu. Amsa ce mai amfani ƙwarai, don tana hana a lura cewa cikin masu gidajen hutun akwai 'yan Wales da yawa, wasu a Cardiff, wasu a ƙauyen da kansa, kuma cikin waɗanda farashi ya kora akwai Turawan Ingila da suka zo suka zauna, suka sa 'ya'yansu a makarantar gari, suka koyi harshen.

A nan zan ajiye yabo, don akwai wurin da ba ya shiga. Daga Disambar 1979 zuwa farkon shekarun 1990, wata ƙungiyar ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr ta kai harin wuta sama da sau 200 a kan gidajen hutu da ofisoshin dillalai. Wannan ta'asa ce, kuma Allah ne kawai ya kiyaye ba a rasa rai ba. Babu hakkin da ake ƙwatowa da ashana a gidan mutum. Amma wutar ta nuna shekarun ciwon. Sama da shekara arba'in ke nan mutanen gaɓar Wales suna faɗin abu guda, da lalama da fushi, da takarda da tattaki, kuma a mafi yawan waɗannan shekaru amsar da suke samu ita ce kasuwa ce, ba a yi mata shisshigi.

Iyalin da suka yi shekara suna tara kuɗi don 'ya'yansu su ga teku ba su yi laifi ba. Gaɓar Wales ta cancanci a zo a gani, kuma hanyar ƙafa mai mil 870 da ta bi bakin ruwan ƙasar tun 2012 an yi ta ne don a taka. Dubban mutane na cin abinci daga baƙi. Manomin da ya gyara tsohon garken shanunsa ya ba da haya don kada gona ta kuɓuce masa bai raba kowa da matsuguni ba. Laifin a wuri guda yake: a ɗauki gidan da iyali za su iya zama cikinsa har su ga jikoki, a tsakiyar garin da matasansa ke neman inda za su sa kai, a mayar da shi wurin kwanan mako-mako, a bar shi a kulle rabin shekara. Gida ɗaya ba ya kashe gari, amma na goma da na ashirin da na hamsin suna kashewa, kuma kowane mai saye gani yake nasa ne ɗayan da ba ya cutarwa.

Matakan da aka ɗauka tun 2023 sun zo a makare, amma a kan hanya suke, kuma bai kamata a ja da baya ba saboda kukan masu gida biyu. Kamata ya yi kowace ƙaramar hukuma ta sa iyaka ga yawan gidajen da za a fitar daga hannun mazauna a kowane gari, a yi wa masu ba da haya rajista da lasisi, kuɗin ƙarin harajin kuma a gan shi a ƙasa: a sayi gidaje, a gina sababbi, a ba 'yan gari haya mai sauƙi wadda ba za a tashe su daga ciki ba idan bazara ta zo.

Kai kuma mai karatu, idan Allah ya hore maka kai iyali hutu a wannan ƙasa, kafin ka biya kuɗin gida a bakin teku ka yi tambaya biyu: su wa ke zaune a gidan nan kafin a fara ba da shi haya, kuma a ina mai shi yake kwana? Idan amsar ba ta kwanta maka ba, akwai otal, akwai masaukin da mai gida ke zaune a ciki yana dafa wa baƙi karin kumallo, akwai gonaki masu ɗakunan baƙi, akwai wurare irin Nant Gwrtheyrn, tsohon ƙauyen masu fasa dutse da ya zama kufai, aka farfaɗo da shi ya zama cibiyar koyon harshen Welsh. Ka sayi burodi a kantin gari, ka koyi gaisuwa da harshen mutanen da ka sauka a ƙasarsu. Hutun mako guda hakkin iyalinka ne, amma bai kai hakkin wani iyali na samun wurin kwana a garinsu ba, kuma duk inda su biyun suka yi karo, na mazauna ne a gaba.